Masauƙin Mutanen Garinmu a Maourey

Yamai, ranar Talata

Zuwa ga yayata Balki,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Na iso lafiya. Na ba direba wannan takarda ne don wayarki kullum tana hannun yara, kuma maganar ba ta tsakar gida ba ce.

Kin san tun da na fita takabar marigayi ban leƙa ko'ina ba. Kadi ce ta kira ni, wata Bazabarma da ɗakinta ke jikin na ɗanki, yaron nan nawa, a unguwar Maourey. Ta ce ya yanke jiki ya faɗi a biro, ofishin da yake sitaj, wato aikin koyo da ba a biyan mutum ko sisi. Na same shi ya tashi, amma Yaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kamar mahaifinsa a watan ƙarshe.

Ɗaki ne guda. Babu katifa, babu fanka, ya sayar. Abin da ya rage sai dutsen guga, riguna biyu masu kyau da takalmi, don ba a shiga biro da tsumma. Ruwa saye yake yi wurin ƴan ga-ruwa. Takardun neman aiki ma ashe lalacewa suke kamar tumatir: wasu in sun yi ƴan watanni ba a karɓarsu, sai ya sake biya a yi sababbi. Da ƙafa yake zuwa biron, can Gaweye, ya dawo. Ɗan fari ne, kin sani, bakina ba ya iya tambayarsa ko ya ci abinci. Sai dai in dafa in ajiye, in juya baya.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hasiya

Yamai, ranar Lahadi

Yaya Balki,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ji an yi ruwa a Dogon Dutsi, Allah ya sa albarka.

Na gano inda ƙarfin yaron nan yake tafiya, kuma ba haya ba ce kaɗai. Mu ne. A bayan ƙofa na ga tabarmi a naɗe, sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Kadi ta ce ɗakin nan bai taɓa yin mako babu baƙo ba. Mai ciwon ido, mai neman katin ɗan ƙasa, mai jiran motar Lome, duk wanda ya sauka tasha daga garinmu nan yake nufa, don an ce ɗan wane ya gama jami'a, yana da ɗaki a Yamai. Ni ma na sha ba da lambarsa ina jin daɗi. Shi zai ciyar, shi zai biya taksi, shi zai tsaya layin asibiti don shi ke jin Faransanci. In sun tashi tafiya su sa masa albarka, wani ma ya jira kuɗin mota.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bara ashe bai faɗi konkur ɗin ba, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, kamar yadda ya bari muka ɗauka. Bai zauna ba ne. Da safen ranar wani tsoho da ya sauka wurinsa ya kasa numfashi, ya kai shi asibiti, kafin ya isa wurin jarrabawa an rufe ƙofa. Mahaifinsa ya rasu yana zaton yaron bai yi ƙoƙari ba. Da Kadi ta faɗa mini, sai da na shiga makewayi na yi kukana.

An sake buɗe konkur ɗin, ranar Asabar mai zuwa za a zauna. An ce shekarunsa sun kusa wuce iyakar da ake ɗauka. Don Allah, Yaya, ki bi gida-gida cikin dabara, ki ce kowa ya dakata da zuwa har ranar ta wuce. Ke suna jin nauyinki.

Taki,
Hasiya

Yamai, ranar Litinin

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida. Na san labari ya riga takardata isowa, amma ki ji daga bakina.

Ranar Juma'a da la'asar Malam Isa, wan marigayi, ya yi waya daga hanya cewa ga shi nan tafe da matarsa, za a duba mata ciki da safe, yaron ya shirya ya kai su. Na ga ɗanki ya rufe littafinsa ya fara share ɗaki.  Ni bakina ba ya iya hana shi kai tsaye, sai na aiki Kadi ta gaya masa uwarsa ta ce ya ɗauki takardunsa ya tafi ya kwana wurin abokinsa Abdou, ya kashe waya, kuma in ya dawo kafin ya rubuta jarrabawar nan ban yafe ba. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, sannan ya tafi.

Da Malam Isa ya iso na shimfiɗa musu, na kawo abinci, na ce ni da Kadi za mu kai su asibiti, ita tana jin Faransanci daidai gwargwado. Ya ƙi taɓa abincin. Ya ce shi ba mata ya zo nema ba, ɗan ƙanensa ya zo nema, kuma tun ƙasa ba ta bushe a kan kabari ba na fara raba yaro da dangin ubansa. Na ba shi haƙuri har na durƙusa. Ban faɗa masa inda yaron yake ba. Ya ɗauki matarsa suka koma tasha. Da safe na bi su asibiti, baiwar Allah ta bari na riƙe mata jaka, shi ko kallona bai yi ba. Da za su hau mota ya ce tunda na zaɓi Yamai, in zauna a Yamai, ɗakina na gidan ƙanensa akwai mai bukatarsa.

Yaron ya zauna jarrabawar, Yaya. Ya dawo da yamma da tawada a yatsunsa, ya cinye tuwo, ya nemi ƙari. Sakamako sai bayan watanni, kuma masu nema sun cika makaranta guda. Ban sani ba ko zai samu. Na dai san ya shiga ƙofar kafin a rufe.

Bai san maganar ɗakin ba, kada ki bari ya ji. Kadi ta ce in riƙa taya ta suyar masa da safe, za mu ga abin da Allah zai yi. A ɗakin can na haifi ƴaƴana duka, a can na wanke wa marigayi ƙafa ranar ƙarshe. Ki je kafin su sa kwado, ki kwashe mini tukwanena. Butarsa da tabarmar sallarsa suna bayan gado. Su kada ki ba direba, ki riƙe a wurinki.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Hasiya