Shinkafar Inna Ba Ta Neman Rantsuwa

Kurunegala,
farkon watan Fabrairu.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Yasawathi,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da durƙuso har ƙasa, ko da ba kya ganina, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Albarkar Buddha da ta koyarwarsa da ta jama'ar sufaye ta lulluɓe ki a ƙasar mutane, ta tsare ki daga ciwo da sharrin mai sharri. Yaya zafin Kuwait, yaya kuma tsohuwar da kike jinya? Har yanzu tana ƙin cin abinci sai daga hannunki? Ki riƙa kula da bayan nan naki wajen ɗaga ta, don ke ma ba yarinya ba ce yanzu.

Mu nan duk lafiya. Tarin maigidana Piyasena ya yi sauƙi tun da ya daina tsayawa a ƙofar bas yana shaƙar hayaƙi, an mai da shi wurin yankan tikiti. Ɗanki Tharaka yana nan a garejinsa, duk Lahadi yana zuwa ya share mana tukunya, ya yi ƙiba har wuyan rigarsa ba ya haɗuwa, don haka ki daina aiko da saƙon a ba shi abinci. Sanduni tawa ta ci jarrabawa, tana ta yi mana yanga a gida. Bishiyar kwakwar da ke bayan rijiya ta sake jefo mana ɗa a kan rufin madafa, ta fasa, muna jiran mai gyara. Wannan takardar Malani maƙwabciyarmu ce za ta kawo miki, hutunta ya ƙare, za ta koma wurin aikinta.

Yaya, yanzu zan zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Magana ce a kan ƙaninki, yayana Wimalasena, da abincin mutanen tasha. Na so in bar kaza cikin gashinta har ki dawo, amma abin ya wuce inda shiru zai yi magani.

Kin fi ni sanin yadda Inna ta ɗauki abin nan. Tun muna yara, duk ranar poya da wata ya cika, ita da matan unguwa sukan ɗora manyan tukwane a bayan gidanmu, a dafa jar shinkafa daga gonarmu, da miyar wake mai madarar kwakwa, da busasshen kifi in an samu, a ƙunsa a ganyen ayaba a kai tashar mota, wurin waɗanda ba su da makwanci sai barandar shaguna. Ba ta taɓa tambayar kowa sunansa ko addininsa ko abin da ya sha da safe ba. Takan cire takalmi ta miƙa da hannu biyu kamar yadda take miƙa wa babban sufi, in an yi mata godiya ta ce ita ce da godiya, tunda sun taimaka mata ta rage rowar zuciyarta. Ko da ƙafa ta gagare ta, a keken haya muke kai ta, tana zaune tana yi mana faɗan mun cika barkono.

To, tun rasuwarta Yaya Wimalasena ya canza. Kin san ba ya nan lokacin da ta cika, kuma abin yana cinsa, wannan ba na musu. Ya ce ya yi mafarkinta tsaye a ƙofar baya da faranti ba komai, tana kallonsa ba ta magana, shi kuma ya fassara cewa tana wani wuri na wahala tana jiran mu tura mata lada. Sai ya bi wa'azin rediyo ya tsinto magana ɗaya ya riƙe ta gam: wai sadaka iri ce, mai karɓa kuma gona. Wai in ka ba sufi mai kiyaye dokoki ka shuka a fadama, in ka ba mashayi ka watsa iri a kan dutse. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Yaya. Da ya ga ba zai iya kashe abincin tasha kai tsaye ba, don matan unguwa za su cinye shi ɗanye, sai ya fito da dabara. Wai a gyara gonar kafin a shuka: a tara su a haikali, su ɗauki alkawura biyar ɗin nan da muke ɗauka, ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba abin maye, sannan a ba su abinci, don ladan ya yi kauri ya isa Inna. Na ce masa Inna ba haka take yi ba. Ya ce shi ya sa ga ta nan da faranti ba komai. Na haɗiye wannan maganar.

Ranar sadakar cikar wata uku da rasuwar Inna, wadda kika kasa zuwa, ita ce ranar da ya fara. Ya aika aka kira su daga tasha, suka tako da ƙafa cikin rana, guragu da tsofaffi da mata masu goyo. Aka zaunar da su a tabarmi a filin haikali, inda inuwa ba ta kaiwa. Sufaye suka ci nasu kafin rana ta raba, kamar yadda aka saba, aka zuba ruwa daga buta cikin kofi har ya tumbatsa don tura wa Inna lada, muka yi kukanmu. Duk wannan lokacin tukwane suna buɗe, ƙamshi yana dukan hancin mutanen da wasunsu tun jiya ba su sa komai a baki ba. Ni ina riƙe da ludayi, ina jira a ce a zuba. Sai ga yayana cikin fararen kayansa masu guga, ya tsaya a gabansu da lasifika, ya ce kowa ya haɗa hannu ya maimaita. Akwai wata mata Batamila mai ɗan jariri, yarenta da addininta daban da namu, ba ta san kalmomin ba, tana ta motsa baki tana satar kallon tukunya. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kin tuna Baba Siyadoris, mai hawan kwakwa, wanda ya faɗo daga bishiya ƙugunsa ya goce? Shi ne yake cire mana kwakwa muna yara, yana jefo mana ɗanya mu sha ruwanta. Shekaru ke nan yana kwana a tasha, kuma kowa ya san yana shan giyar bayan kasuwa. Ya maimaita huɗu na farko da murya sama da ta kowa. Da aka zo na biyar sai ya sauke hannuwansa a kan gwiwa ya yi shiru. Yayana ya lura, ya matso da lasifikar har bakinsa, ya ce Baba ba a ji naka ba. Tsohon ya ce a yi masa afuwa, ranka ya daɗe, huɗu ya ɗauka kuma zai riƙe, amma na biyar ba zai iya ba. Wai da la'asar ƙugun nan zai fara yi masa kiɗa, ƙafarsa da kanta za ta kai shi bayan kasuwa, to in ya rantse yanzu ya ci shinkafa, kafin rana ta faɗi ya karya biyu ke nan, na giya da na ƙarya, gara ya tsaya a kan zunubinsa guda. Wasu suka yi dariya. Shi yayana fuskarsa ta yi ja, ya ce ba alkawari, ba shinkafa, nan ba gidan giya ba ne, kuma ba za a zubar da ladan uwarsa a kwata ba.

Yaya, tsohon nan ya lalubo sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya juya wajen hoton Inna da muka jingina a kan tebur, ya haɗa hannu ya sunkuya mata, ya ja ƙafarsa ya fita. Matar mai jariri ta bi shi, wasu ma suka tashi. Waɗanda yunwa ta fi ƙarfinsu suka zauna, suka ci kai a ƙasa kamar masu cin kayan sata. Ni kuwa na yar da ludayin, na gaya wa yayana a gaban jama'a cewa yau ya kori baƙin Inna daga sadakar Inna. Na ce in gonar kirki yake nema, mutumin da ya bar abinci don kada ya yi ƙarya ya fi wasu masu fararen kaya da na sani. Gwaggo Lilawathi tana ta jan zanena wai ƙanwa ba ta ɗaga wa wa murya a haikali. Na sani, kuma ban yi nadama ba. Na ɗauki ƙunshi na bi tsohon, amma kafin in fita titi ya ɓace a cikin cunkoson kasuwa.

Washegari na je wurin babban sufi. Kin san ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, ashe ce masa aka yi mutanen ne da kansu suka nemi a ba su alkawuran. Da na warware masa sai ya girgiza kai, ya ce mai jin yunwa ba ya jin wa'azi, a cika masa ciki tukuna, kuma tausayin da ke zuciyar mai bayarwa shi ne rabin ladan. Na ce to ya gaya wa yayana. Ya ce zai gaya masa, amma shinkafar ta gidanmu ce, shi kuma ba ya raba faɗan 'yan uwa. Ya gaya masa kuwa. Yayana ya durƙusa ya ce to, ya fito ya ci gaba da abinsa, wai tsufa ya sa malam ya yi laushi.

Poya da ta biyo baya ya sake shimfiɗa tabarmi. Ba su zo ba sai 'yan tsiraru. Shinkafar gonarmu, wadda Inna ba ta barin ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa, karnukan haikali da hankaki ne suka yi biki da ita. Matan unguwa sun ce ba za su sake hura wuta don karnuka ba, in za a koma tasha suna nan, in ba haka ba a nemi wasu. Ni na dafa abin da tukunyar gidana za ta ɗauka, da shinkafar kanti, na kai tasha ni kaɗai. Kafin in sauke kwando ya ƙare, sauran suka tsaya suna kallona, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi ƙorafi. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sami Baba Siyadoris a bayan rumfar mai shayi. Ya rame, Yaya, ga wani gyambo a ƙwaurinsa ƙuda na bi. Da na miƙa masa ƙunshin sai ya ɓoye hannu a baya, ya ce 'yata, wannan alkawari nawa ne kuɗinsa? Na ce ko ɗaya. Ya karɓa ya ci, yana ci yana ce mini miyar Inna ta fi tawa gishiri. A nan na gaya musu duka cewa poya mai zuwa manyan tukwane za su dawo tasha kamar da. Tsohon ya ɗago ya ce kada in faɗi abin da ba na da tabbacinsa, don su mutanen tasha in aka ce musu abinci na zuwa, ba sa fita nema a ranar, zama suke yi su jira. Na ce na faɗa, kuma za a gani.

Ga inda maganar ta zo kanki. Inna ta bar mini gida, ta bar muku gona ke da shi, rabi da rabi, kuma rabin da ya zama naki shi ne tun da can yake shiga tukunyar tasha. Yanzu girbi ya kusa, Ukku Banda da ke noma mana gonar ya ce shi ba ruwansa, duk buhunan, rumbun yayana zai kai su, tunda yayana ya ce shi ne wakilinki. Sai fa in ya ga rubutun hannunki. Mu ba mu da ƙarfin ciyar da tasha daga kanti, kin san abin da Piyasena yake samu. Don haka ina roƙonki ki rubuta wa Ukku Banda layi biyu cewa rabonki gidana zai kawo, ki sa a wasiƙa da gaggawa, kada ki jira mai zuwa gida. Ba na neman ki yi gaba da ƙaninki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma na san tsoro ne da kewar Inna suka mai da shi haka. Ya yi abin da ya ga dama da rabinsa, ya kai wa sufaye, ya shuka a fadamarsa. Amma in da gaske Inna ce ya gani a ƙofar baya da faranti ba komai, to ni na san ba wa kanta take nema ba.

Piyasena yana gaishe ki, haka Sanduni da Tharaka, wanda ya ce in gaya miki yana nan yana tara kuɗin aure, ki daina tsokanarsa. Gwaggo Lilawathi tana gaisuwa, ta ce man zafin da kika aiko ya yi mata amfani. Ki gai da 'yar Kawu, Sumana, in kun haɗu ranar hutu, ki ce mata uwarta tana cigiyar wasiƙa. Ki gai da tsohuwarki ma, ko da ba ta san ni ba.

Wata ya riga ya tsaya, Yaya, kullum ƙara girma yake yi, mutanen tasha kuma suna can suna kallonsa. Kada ki bari in zama maƙaryaciya a gaban mutumin da ya gwammace ya wuni da yunwa a kan ya yi ƙarya.

Ƙanwarki mai kewarki kullum,
Kusumalatha.