Murjanin da ka bar mini a Ƙanƙara

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Hafsatu. Labarin murjaninka na kawo maka, don babu wanda zan faɗa wa ya gane.

Ka tuna ranar da ka dawo daga Legas da akwatin gilas, da buhun gishirin teku, da 'yan kifaye, da wani abu mai laushi kamar jemammiyar fata manne a jikin dutse? Ka ce murjanin teku ke nan, dabba ce, da ranta. Inna ta ce lallai aikin sola ya taɓa maka kai. Ni ka zaunar ka koya wa: a kunna shuɗiyar fitila da rana kawai, injin kaɗa ruwa kada ya tsaya, in ruwa ya ragu a ƙara marar gishiri, kuma kullum a bar jarkar haɗaɗɗen ruwan gishiri a gefe. Kana yawan cewa, "In kin ga ta tsuke ba mutuwa ta yi ba, saɓa za ta yi."

Tsakanin Faskari da Sabuwa 'yan bindiga suka tare motarku, za ka je haɗa wa wani wuta. A wuya suka harbe ka. Direban da ya tsira ya ce ko salati ba su bari ka ƙarasa ba. Allah Ya isa, Yaya, ban yafe ba.

Ashe ba su gama da mu ba. Ka san bakin unguwarmu. Tun kana raye ake raɗa cewa abin da ke ƙarƙashin shuɗiyar fitilar nan asiri ne, maganin bindiga. Maganar ta kai daji. Ranar kasuwa, bayan la'asar, sai ga su a kan babura har ƙofar gida.

Inna ta tare ƙofar ɗakinka, ɗaya ya sa gindin bindiga ya fasa mata baki. Gilas ɗin ma duka ɗaya suka yi masa. Ruwa ya malale tsakar gida, kifayenka na tsalle a ƙasa, ana take su da takalmi. Babbansu ya zare wuƙa ya yayyanka murjanin yana raba wa yaransa, suna cusawa a aljihu, wani jaki har da jefawa a baki. Inna, jini na zuba, ta ce musu da maganin bindiga ne, da mai shi yana tsaye a nan. Suka ƙara mata mari, suka kwance sola da batir suka tafi.

Wallahi ban yi kuka ba. Rarrafe na yi cikin fasasshen gilas, tafin hannuna duk ya tsattsage, har na tsinci guntu ɗaya, bai fi babban yatsa ba. Na juye jarkar nan a bokitin roba, na ɗaure guntun a dutse da zaren ɗinki, na ajiye inda haske ke shigowa ta taga. Tunda babu inji, da ludayin fura nake kaɗa ruwan. In hannuna ya mutu, sai Inna ta karɓa.

Dabbar ta tsuke, ta yi yauƙi, ta koma kamar tsohuwar ganda. Maƙwabta suka ce mu zubar kafin ta sake jawo mana masifa. Na ce duk wanda ya taɓa bokitin nan, ni da shi ne.

Jiya da hantsi saɓar ta zame. Ƙananan gashin jikinta suka fito ɗaya bayan ɗaya suna rausaya. Inna ce ke riƙe da ludayi. Kai ne ɗanta na fari, tunda nake ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, ko ranar da aka kawo gawarka. Jiya ta leƙa bokitin, da bakinta mai ɗinki, ta ce, "Sani." Sannan muka yi kukan, ni da ita.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya bi maka haƙƙin jininka.

Ƙanwarka,
Hafsatu