Ƙafar da ba a matsawa

Agege, Legas.

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Hure da yara. Ya aka ji da tsadar taki bana? Allah ya sa geron ya yi kyau.

Na san abokina Lawan ya gaya miki ina asibiti. Kada hankalinki ya tashi, da sauƙi. Zaman da na yi a takure a bayan tirelar shanu tun daga Ɗambatta ne ya kumbura min ƙafar hagu. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ciki, kuma gudan bai manne ba, reto yake yi. Allurar tsinka jini suke min. Na gaji da kwanciya, Inna, abincin ma turawa nake yi.

Lawan ya ce kina shirin biyo mota da man shanu, ki gasa min ƙafar ki matsa. Don Allah ki zauna. Likita ya ce in aka matsa, gudan zai iya ɓallewa ya tafi huhu. Ko yin ƙaho ma ya hana.

Tun ina yaro hannunki ne maganina. Wannan karon ki ɗaga shi sama kawai, ki roƙa min.

Ɗanki,
Dabo