Gwiwar Tahidu a Zauren Baba Andani

Tishigu, Tamale
Maris, 1957

Yaya Mansuratu,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya Kumasi?

Yaya, na kasa zaune na kasa tsaye. Ranar bikin 'yancin kai ni da abokan hawana muka hau dutsen Gambaga don mu kafa sabuwar tuta. Wajen saukowa ƙafata ta murɗe, na ji ƙas a gwiwa. Mai ɗori ya lalube, ya ce ƙashi lafiya lau. Likita kuwa ya ce guringuntsi ne ya tsage, kada in kuskura in tsuguna.

Ga shi ƙarshen wata za a kai ni Choggu gaida Baba Andani, mahaifin Sanatu da nake neman aure. Kin san al'adar Dagomba: wanda bai tsuguna wa babba ba, ko ruwa ba a ba shi, balle 'ya. Wallahi ina tsoron rasa ta.

Ƙaninki,
Tahidu

Tahidu,

Bayan gaisuwa, kai biri ne? Jama'a na rawa a fili, kai kana can kan dutse! Tutar ce ta ce maka ƙasa ba ta ishe ta ba?

Ka tura Kawu Imoru ya gaya wa tsohon gaskiya, a ɗaga ranar. Ciwo ba abin kunya ba ne. Kada ka yi min taurin kan nan naka. Allah ya ba ka lafiya.

Yayarka,
Mansuratu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba zan tura ba. Tsohon ya riga ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mai hawan dutse ba gaira ba dalili. Kullum ina gwadawa a ɗaki, dafe da bango. Kafin in kai rabi hawaye ya zubo. Ki sa ni a addu'a.

Tahidu

Yaya,

Salamu alaikum. Na tsuguna. Na yi ta amsa "Naa, naa", yadda Dagomba ke amsa wa babba, har aka gama gaisuwa. Kowa ya miƙe, ni gwiwa ta kulle, zufa ta jiƙa min riga sharkaf.

Baba Andani ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Dutsen ne?" Ashe duk Choggu an sani!

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya ce, "Ka san haka za ta yi, kuma ka tsuguna?"

Sai ya taso daga buzunsa, ya ɗago ni da hannunsa, ya ce a miƙo goron neman auren. A keken Kawu aka maido ni gida.

Ki shirya zuwa biki. Likita ya ce yanzu kam ni da dutse sai kallo. Ina murna, Yaya, Allah ya sani. Amma jiya lorin abokaina ya bi ta ƙofarmu za su Gambaga, suna kiran sunana, na juya fuskata bango.

Ƙaninki,
Tahidu