Jiga Takwas da Muryar Yalwa

Litinin, 7 ga Yuli 2025

Shekara arba'in da ɗaya ke nan cif da aka liƙa sakamako a Dosso, sunana a sama, Sallau Mahamadu, na ɗaya a lissafi, aka kuma ba ɗan wani gurbina na tafiya karatu waje. Ban manta ba. Ni aka miƙa mini alli aka tura ni koyarwa Zabori, daga can Yelu, har na tsufa. Shekara talatin ina dasa wa 'ya'yan mutane a ka cewa kilo dubu ne, ko na gero ko na hanya. Yanzu waɗanda suka kasa haddace bakwai sau takwas su ne masu kamiyo, manyan motocin kaya, da benaye a Gaya. In sun wuce ni sai su ɗaga mini hannu ta bayan gilashi.

Yau kuma 'yata ta cikina ta ce mini a waya kilo ba dubu ba ne.

Nasiba ke nan, wadda ta bar lakwal, makarantar boko, a aji uku ta buɗe rumfar gyaran waya a bakin tasha. Ta faɗa tana dariya, da sukurdireba a bayan kunne. Dariyar uwarta sak. Shi ya hana ni yin fushi sosai.

Laraba, 9 ga Yuli

Wayata na mutuwa. Batirin ya kumbura kamar masa, rabin gilashin na ƙasa ya yi baƙi, takan mutu da kanta ana cikin magana. Da wayar kaɗai ce da ban damu ba. Yalwa ce a ciki.

Matata ba ta iya rubutu ba. Shekara biyar, duk ranar da ta ƙetare kogi zuwa kasuwar Malanbil, sai ta turo mini saƙon murya, ko hoto mai motsi na doyar da ta saya. “Mushe, ka ci abinci? Kada ka ce mini shayi, shayi ba abinci ba ne.” Mushe take ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Bayan rasuwarta Nasiba ta tara mini su duka a dosiye ɗaya, a jere bisa kwanan wata. Wayar Yalwa kuwa ƙanwarta aka ba, an goge ta tun tuni. Babu wani wuri sai nan.

Uku na ƙarshe ban buɗe su ba. Ta turo su daga gadon asibiti a Yamai ina cikin mota zuwa wurinta, babu rezo, waya ba ta kamawa. Sai da na sauka suka shigo, a lokacin an riga an rufe mata fuska. Shekara biyu da wata biyar ina kallonsu. Nakan ce sai ranar da na shirya.

Alhamis, 10 ga Yuli

Darasi a rumfar Nasiba. Ni a kan benci.

Na rubuta don kada a ce na manta: okte shi ne ɗan wurin da harafi ɗaya ke zama. Okte 1024, kilo ɗaya. Kilo 1024, mega ɗaya. Mega 1024, jiga ɗaya. Haka wayar ke ƙirgawa, wai don ita bibbiyu take ninkawa: biyu, huɗu, takwas, har ta kai 1024. Na gane wannan kafin ta rufe baki, biyu ce sau goma a kan kanta. Na faɗa mata. Ta ce, “To Baba, ga shi ka ci ashirin bisa ashirin.” 'Yar banza.

Dosiyen Yalwa jiga 7,6 ne, wayar ta nuna. Ina da kat memwar sabo, ɗan katin ajiya na waya, a aljihu, wanda wani tsohon ɗalibina ya ba ni tsaraba daga Kamba, an rubuta 8 a jikinsa ɓaro-ɓaro. Na ce takwas ta fi bakwai da ɗigo shida tun zamanin kakanninmu. Ta ce ba zai ɗauka ba, masu yin kat da dubu suke ƙirgawa, waya da 1024, takwas ɗin nan in ta shiga waya ba takwas ba ce. Na ce wato ma'auni biyu a kasuwa ɗaya? Ta ce, “Kamar tiyar Gaya da ta Malanbil, Baba. Sunan ɗaya, cikin daban.”

Na ce ban yarda ba. Abin da aka rubuta shi ne aka rubuta.

Asabar, 12 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ta kawo mini dambu da zogale, ta zauna har na cinye, kamar mai gadin fursuna.

Litinin, 14 ga Yuli

Nasiba ta tafi Yamai sayen kayan gyara, sai Juma'a. Kafin ta hau kabu-kabu ta riƙe hannuna ta ce, “Baba, don Allah kada ka taɓa wayar nan. Zan zo da kat mai sha shida. Kwana huɗu kawai.” Na ce na ji.

Tun tana da shekara shida nake riƙe mata hannu tana zana harafi. Yau ita ke ce mini kada na taɓa.

Talata, 15 ga Yuli

Na taɓa.

Bayan azahar na sa kat ɗin, na yi yadda na ga tana yi wa mutane: zaɓi dosiye, kwafa, ajiye. Zaren nan mai nuna inda kwafar ta kai ya yi ta tafiya wajen awa guda, ni ina riƙe da wayar caji kada ta motsa. Daga baya ya ɓace. Wani rubutu ya fito daga ƙasa, wajen da gilashin ya yi baƙi, kan haruffan kawai na gani. Na ɗauka cewa yake an gama. Na buɗe kat, ga dosiye, ga Yalwa tana faɗa da mai kwalekwale a kan ya jiƙa mata buhun gari. Na saurara sau uku ina dariya ni kaɗai.

Takwas a cire 7,6, saura 0,4. Na yi shi a takarda, na ja layi biyu a ƙasa.

Laraba, 16 ga Yuli

Na kai wayar wurin Kabo, mai rumfa ta uku daga ta Nasiba. Ɗalibina ne a Yelu, yanzu har da furfura a gemu, amma da ya gan ni sai da ya miƙe tsaye ya ɓoye sigarinsa a baya. Na ce ya sa sabon batir da gilashi, ya wanke mata kai gaba ɗaya ta dawo sabuwa. So nake Nasiba ta dawo ta tarar an gama komai.

Ya ce, “Mushe, in na wanke ta babu abin da zai saura fa. Ka kwashe komai?”

Na ce, “Kabo, ni da na koya maka raba goma gida biyu?”

Ya ce, “Haka ne, Mushe.” Na ga ya dubi kat ɗin a hannuna. Ya wanke ta.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ta dawo. Ta kawo kat mai sha shida da hula sabuwa, wai tawa ta zama abin kunya ga zuri'a. Na miƙa mata wayar tana ƙyalli, na miƙa mata kat ɗina, ina jiran ta ce wani abu.

Ta sa shi a odinatarta, wato kwamfuta. Ta gangara har ƙasan dosiyen. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Na ƙarshe a jerin, 28 ga Disamba 2022. Ukun asibiti ba sa ciki.

Ba ta yi mini faɗa ba. Na fi son da ta yi. Ta tashi ta nufi rumfar Kabo, ina jiyo ta daga nan: “Kai ba ka da ido? Minti ɗaya ne ka duba!” Shi kuma yana cewa, “Nasiba, Mushe ne fa. Ta yaya zan duba lissafin Mushe?” Har yamma su biyu suna gwada dawo da abin da aka goge. Babu.

Asabar, 19 ga Yuli

Ban fita ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na yi lissafin da kaina, da hannu, yadda ya kamata na yi ranar Alhamis ɗin can. Takwas ta masu kat: okte 8 000 000 000. A raba da 1024, a sake rabawa, a sake. Shafi biyu ya ci. Ya ba ni 7,45. Dosiye 7,6. Abin da ya rasa wuri 0,15, a ninka da 1024, mega 154 ko kusa.

Rabawa uku ce kawai. Ɗan aji shida zai yi ta. Ba a ɓoye mini komai ba, an faɗa mini a kan benci, da rana tsaka.

Kabo ya aiko da kifi busasshe. Ba laifinsa ba ne. Ni na koya masa kada ya tambaye ni sau biyu, da bulala na koya masa.

Litinin, 21 ga Yuli

Da safe na ɗauki shafukan biyu na kai rumfa. Na ce ta duba mini ko akwai kuskure. Ban taɓa ba wani lissafina ya duba ba, ko sufeto sai da muka yi rigima. Ta bi shi layi-layi da bakin sukurdireba, a hankali, ba ta taɓa wayarta ba. Ta ce daidai ne. Ta kwafe abin da ya saura a kat mai sha shida, da odinatarta, da wani wuri na uku da ban gane ba tukuna. Na ce ta nuna mini gobe.

Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Baba, saƙon ƙarshen na asibiti ni na riƙe wa Inna wayar. Na ji abin da ta ce. In kana so.”

Na ce ina so. Ta ce Inna ta yi maganar maganin hawan jinina, yana cikin kwanon sama, kada na ce na manta. Inna ta ce a gaya wa Mushe kada ya sa direba ya yi gudu, tana nan. Daga nan ta yi dariya a kan wani abu, Nasiba ba ta tuna ko mene ne ba. Biyun farko kuwa Nasiba ta fita sayen ruwa, ba ta ji ba.

Ta yi ƙoƙarin kwaikwayon muryar. Na ce ta bari. Muka zauna, wani direba ya zo da wayarsa, ta ce ya dawo anjima.

Daga 29 ga Disamba 2022 zuwa 20 ga Fabrairu 2023, kwana hamsin da huɗu na ƙarshen Yalwa. Mega 154. A ciki akwai saƙo uku da ban taɓa ji ba.