Jinin gidanmu ba ya tsayawa, ga shi an sa ranar shayin ɗana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, manya da ƙanana, da fatan kowa ya wayi gari lafiya da iyalinsa. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Roƙona ɗaya, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagi kuwa, babu wanda za ku yi mini da ban riga na yi wa kaina ba.

Ni 'yar Kabo ce, aure ya kawo ni wani ƙauye a ƙasar Gwarzo, ta wajen Kutama. Gidan mijina babban gida ne, Fulanin da suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo. Surukina, wanda muke kira Baba Alhaji, shi ne mai unguwa, kuma mutum ne mai bin asalin komai. Ba ya sayen karsana sai ya tambayi uwarta, yawan nononta, ko tana ɓari, ko tana da tunkuyi. Kullum maganarsa ita ce abin da ke jikin uwa ba ya ɓata, sai dai ya yi kwanton ɓauna a jikin ɗa. Duk ranar da ya faɗi haka ina tsakar gida, sai in tuna cewa da ni ma an bi asalina kamar yadda ake bin na karsana, da ban shigo gidan nan ba.

Ga abin da ke gidanmu. Ina ƙarama aka yi wa yayana shayi tare da sa'anninsa. Kowa ya warke ya fito yana tafiya a tattale ana yi masa tsiya, shi kuwa jini ya ƙi tsayawa. An barbaɗa garin bagaruwa, an ɗaure, an yi tofi, tsumma yana jiƙewa ana canza wani, har rai ya yi halinsa. Aka ce maita ce, aka ce kambun baka ne. Sai da aka sa ranar aurena Inna, wato mahaifiyata, ta ja ni ɗaki ta gaya mini cewa ƙaninta ma, kawuna da ban taɓa gani ba, haka ya tafi, a hannun wanzami. Ta riƙe hannuna ta ce, “Wannan magana daga ni sai ke. In ta fita, babu mai sake neman aure a gidan nan, ga ƙannenki mata a bayanki.” Na ce to. Yarinya ce ni, hankalina yana kan kayan ɗaki da lalle, me na sani?

Haihuwata ta fari namiji ne. Da ya kwana uku aka kira Malam Iro, wanzamin gidan, ya zo cire masa beli. Tun kakan mijina gidan su Malam Iro ke yi wa wannan gida aski da shayi, ba a taɓa samun kuskure a hannunsa ba. Ina zaune a ɗaki na ji ƙarar buɗe zabirarsa, maganar Inna ta faɗo mini a rai. Ni da duk gidan ake ce wa ba a kada ni a magana, ni da ko kishiyar uwar miji ba ta iya tare bakina, ranar na kasa cewa a dakata. Kunya na ji, wai kada a ce ɗan fari ne ina rawar kai a kansa. Aka cire, aka miƙo mini shi. Ina ba shi nono ina ganin ja a gefen bakinsa, in goge ya dawo, in goge ya dawo. Zuwa la'asar yaro ya yi fari fat, ko kuka ba ya iyawa. Aka ɗauko mota za a kai shi asibitin Gwarzo, ba a kai ba ya cika. Ko suna ba a yi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai. Gari ya ɗauka cewa askar Malam Iro ce ta zarce, tsufa ya sa hannunsa rawa. Baba Alhaji bai kai shi ƙara ba, amma ya aika masa cewa kada ya sake taka ƙofar gidan da zabira. To wa zai kira wanzamin da mai unguwa ya kora? Gida ɗaya bayan ɗaya aka janye. Yanzu dattijon nan rake yake yankawa a bakin kasuwa. Kuma kun san me? Bayan an share makoki ya zo da kansa, ya tsaya daga bakin zaure, ya sa aka kira ni. Mutumin da ya girmi mahaifina ya durƙusa, ya ce, “'Yata, ban san yadda aka yi ba, wallahi yadda na saba na yi. Ki yafe mini.” Ni kuma na buɗe baki na ce, “Na yafe, Baba.” Na yafe! Wa ya kamata ya roƙi wani a cikinmu? Har yau in na ratsa ta gabansa sai ya zaɓi rake mai kyau ya ba ni in kai wa yara, ni kuma in karɓa.

Bayan nan na haifi mace, Ummi, lafiyarta lau. Sai kuma namiji, aka sa masa sunan Baba Alhaji, muna kiransa Abba. Saboda abin da ya faru mijina ya hana a cire masa beli, abin da ya tsirar da shi ke nan ba tare da kowa ya sani ba. Amma ni ina gani. Tun yana rarrafe gwiwoyinsa suke yin shuɗi-shuɗi kamar an dake shi. Ya ɗan faɗi, gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ya yi kwanaki yana ɗingishi. Matan gida suna cewa shagwaɓa ce, na lalata shi da goyo. Ba na barinsa ya bi yara kiwo, ba na barinsa ƙwallo, in ya ɗauki lauje in yi masa tsawa kamar ya ɗauki maciji. Har suna suka sa masa, wai ɗan gwal.

Da damina ya faɗi ya cije harshensa. Ɗan ciwon da wani yaro zai tofar da yawu ya ci gaba da wasa, shi sai da ya wuni ya kwana yana tsattsafa. Washegari na ce wa mijina zan je Kabo duba Inna, na ɗauki yaron, daga tasha na zarce Kano, wani babban asibiti. Aka ɗebi jininsa, aka ce in dawo. Na sake wata ƙaryar na koma. Wata likita ce, mace mai haƙuri, ta zaunar da ni ta fara tambaya. Akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginku? Na ce babu. Ta dube ni kawai. Sai na ji hawaye, na kwashe komai na gaya mata, yayana, kawuna, jaririna. Ita ce mutum ta farko da na taɓa gaya wa.

Ta ce sunan ciwon himofiliya, kuma ba maita ba ce, ba baki ba ne, gado ne. Yadda ta yi mini bayani shi ne, kowane ɗan Adam rabin ƙwayoyin halittarsa daga uwa yake ɗaukowa, rabi daga uba, su ne suke tsara kamanninsa da launinsa har da yadda jininsa yake aiki. Abin da ke sa jini ya daskare in an yanke yana kan wani zare ne da mace take da guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, namiji kuwa guda ɗaya gare shi, kuma daga uwarsa kaɗai yake samunsa. Ta ce in ɗauka akuya ce aka ɗaure da igiya biyu, in ɗaya ta rube ɗayar za ta riƙe. Haka nake, haka Inna take, muna ɗauke da rubabbiyar igiya amma lafiyarmu ƙalau. Ɗa namiji kuwa igiyarsa ɗaya ce, in ya ɗauko rubabbiyar daga wurina babu mai riƙe shi. Duk cikin da na yi, in namiji ne, ko ya ɗauko mai kyau ko ya ɗauko rubabbiya, rabi da rabi ne. In mace ce haka nan, tana iya ɗauka ta kai gidan mijinta ba ta sani ba. Nan take na tuna Ummi, na tuna ƙannena mata.

Na tambaye ta, to babu laifin mijina ko kaɗan a ciki? Ina fata ta ce akwai, ko na samu wanda za mu raba kayan. Ta ce wannan ciwon ba ta wurin uba ɗa namiji yake samunsa ba, kuma ni ma ba laifina ba ne, ba ni na zaɓi abin da aka haife ni da shi ba. Sannan ta yi maganar da ta hana ni sukuni har yau. Ta ce kada a kuskura a sa wa yaron nan aska a gida, ko shayi, ko cire haƙori, ko tsaga. Ana iya yi masa kaciya, amma a asibiti, bayan an yi masa allurar abin da jininsa ya rasa, ana lura da shi. Ta ce in zo da mahaifinsa. Na ce to, kamar yadda na ce wa Inna to.

Ban kai mijina wurinta ba. Bara da aka yi maganar shayi na ce Abba bai yi ƙwari ba, aka ƙyale. Bana kuwa an gama girbi, sanyi ya shigo, Baba Alhaji ya tara 'ya'yansa ya ce duk yaran gidan da suka isa za a yi musu tare, ranar Asabar mai zuwa, kuma takwaransa ne zai fara zama. Ya aika Gwarzo an samo wani wanzami matashi, an gyara zauren da za su kwanta, an ware zakarun da za a yanka musu. Na gwada cewa a kai Abba asibiti kawai, ban faɗi dalili ba. Mijina ya yi dariya ya ce, “Maman Abba, na san abin da kike tsoro. Wancan hannun tsoho ne, wannan yaro ne mai ido. Ki kwantar da hankalinki.” Kun gani? Ƙaryar da na bari ta zauna a kan Malam Iro ita ce yanzu take tura ɗana gaban aska. Da na matsa, sai ya ɓata rai ya ce ba zai ware ɗansa daga 'yan'uwansa ba, ba zai kuma kalli idon mahaifinsa ya ce masa bai yarda da tsarinsa ba saboda tsoron mace.

Na je Kabo wurin Inna da gaske wannan karon. Na yi mata bayanin igiya biyu, na ce ba asiri ba ne, akwai magani. Ta saurara, ta yi kuka, ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka wani zunubi ta aikata. Amma da na ce zan gaya wa mijina sai ta kama zanena. Autarmu an kawo kuɗin gaisuwarta, wa zai aure ta in aka ji? Wa zai auri Ummi nan gaba? Shawararta ita ce in kawo Abba Kabo in ɓoye shi, in ce zazzaɓi ne ya kama shi, har a gama. To na ɓoye shi bana, baɗi fa? Ranar da zai faɗo daga bishiya ba na nan fa, wa zai san abin da za a gaya wa likita? Na fita daga ɗakinta ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta, domin abin da ta yi shi nake yi.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Mijina mutumin kirki ne, amma ya binne ɗansa na fari da hannunsa, kuma shekara da shekaru ba ya amsa sallamar Malam Iro. Ta yaya zan ce masa na san abin da ke gidanmu tun kafin a buɗe zabirar nan? Zai iya sake cin abincin da na dafa? Baba Alhaji da ke mayar da karsana kasuwa saboda halin uwarta, me zai ce a kaina? In aka sake ni, wa zai lura da yaron yadda nake lura da shi? Wani lokaci zuciyata tana ce mini in kai mijina wurin likitar, in roƙe ta ta yi bayanin ciwon kawai, ni kuma in nuna yau na fara ji. Abba zai tsira, aurena zai tsira. Amma tsohon nan zai ci gaba da yankan rake da sunan wanda ya kashe jariri, har ya koma ga Allah, can kuma mu haɗu.

Ba tambayarku nake yi ko in bari a yi shayin ba. Wallahi ko zan kwanta a ƙofar zauren nan a taka ni, aska ba za ta taɓa shi ba. Abin da ban sani ba shi ne ta ina zan fara, da wa zan fara, kuma in faɗi duka ko in faɗi rabi. Rana ba ta ƙarya, Asabar tana matsowa, ni kuma kullum in na buɗe baki sai in ji na tambayi mijina ko a ƙara masa miya.

Ɗazu da safe Abba ya shigo da gudu, ya je ya leƙa zauren, ya ga tabarmarsa, ya ga zakaran da kakansa ya nuna masa ya ce nasa ne. Ya riƙe ƙafata yana murna ya ce, “Umma, Alhaji ya ce ni ne na farko. Ba zan yi kuka ba, za ki gani.” Na shafa kansa na ce na sani.

Jama'a, malamai da likitoci da iyaye mata da ke wannan shafi, don girman Allah ku ba ni shawara kafin Asabar. Me zan yi?