Ta'aziyyar da Ba Tawa Ba

Zuwa ga Haruna ɗan Malam Isufu, Clichy-sous-Bois.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ya haƙuri? Ya Inna, ya ƙannenka, ya ƙoƙarin jama'a? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.

Na san ka toshe lambata shekara huɗu ke nan, kuma ban ga laifinka ba. Shi ya sa nake rubuta maka a nan, a shafin da masu bin kiɗana suke karantawa. A gabansu na yi ƙaryar, a gabansu zan warware ta. Na san karatun Hausa yana ba ka wuya, kai haifaffen Faransa mai kiran tuwo kamar sunan magani, amma ka daure. Zan sa fassarar Faransanci a ƙasa, don kada a ce na ɓuya a bayan harshe.

Yau kwana shida da rasuwar Baba, kuma kwana shida ke nan ana yi mini ta'aziyya. Ni Lawali, wanda ubansa ke zaune lafiya lau a Damagaram. Saƙonni sun cika mini talho. Har furanni aka kawo mini ɗakina a Villeurbanne. Kai kana kan tabarma a hawa na goma sha ɗaya kana karɓar gaisuwar dattawan Nijar, ni ina nan ina neman kwalbar da zan zuba wa furanni ruwa.

Ka tuna zuwana na farko gidanku? Mahaifina likita ne, Baba kuwa ya yi aikin shara a asibitin da yake, kafin ya taho Faransa. Da zan zo karatun injiniya, mahaifina ya rubuta mini lambar Baba ya ce in kewa ta kama ni, in nufi can. Ranar asansar, wato na'urar hawa bene, ta lalace. Na hau matakala da akwati ina haki, kana gaba kana dariya wai ɗan likita zai suma. Da muka shiga, Baba ya tashi daga kujerarsa ya ba ni, shi ya zauna a ƙasa. Na ga fuskarka ta canja, amma a lokacin ban gane dalili ba.

A ɗakinka na koyi duk abin da yau ake tafa mini saboda shi. Kai ka nuna mini yadda ake haɗa faifai biyu har bugunsu ya zama ɗaya. "Kunne ke aiki, ba ido ba," haka kake cewa kana buge mini hannu. Kai ka gaya mini cewa kiɗan nan da Turawa ke rawa da shi har gari ya waye, baƙaƙen Detroit da Chicago ne suka ƙirƙire shi, 'ya'yan leburori irinka. Duk mako kana ɗaukar kaya a sito, ran Asabar ka bi shagunan tsofaffin faya-fayai kana tono. Ni hutu kawai ke kawo ni, in ci tuwon Inna, in kwana kan katifarka.

Ƙofar kulob ce ta fara raba mu. Fatarmu ɗaya, amma masu gadin ƙofa a Paris sun iya tantance wannan baƙar fatar daga waccan. Ni da tabarau da riga mai wuya da Faransancin littafi, sai a matsa mini in wuce. Kai da ka buɗe baki sun ji unguwarku. "Yau sai waɗanda aka saba da su," ita ce maganar kullum. Rannan na shiga na bar ka a waje, na ce minti goma. A ciki na tarar ana buga wani faifai da kai ka fara sa mini a ɗakinka. Sai bayan awa biyu na fito, na same ka zaune a bakin titi cikin sanyi. Ba ka yi mini faɗa ba. Da na gaya maka abin da aka buga, sai ka tambaye ni da wane faifai aka bi shi.

A Lyon na haɗu da wasu samari uku, Turawa masu ƙaramin kamfanin faifai, waɗanda ke shirya rawa a cikin jirgin ruwan da ke ɗaure a bakin Rhône. 'Ya'yan lauyoyi da likitoci ne irina, sun dai yaga gwiwar wando. Bakinsu ba ya hutawa da zancen kiɗa na gaskiya, kiɗan titi, kiɗan waɗanda aka danne. Na ba su wani haɗi da na yi, suka saurara da rabin kunne. Sai ɗayansu ya juya kwalin faifan ya ga adireshin gidanku, wanda na sa don lokacin hutu ne. Ba a daɗe ba da duniya ta ga unguwarku tana ci da wuta a talabijin. Nan take kiɗan nawa ya zama mai zafi, mai fushi, mai tarihi. Suka ce ashe ɗan Clichy ne. Ban ce i ba, ban ce a'a ba.

Sai ga 'yar jarida daga wata mujallar kiɗa, ta ce in ba ta labarin ƙuruciyata. Me zan gaya mata? Cewa direba ke kai ni makaranta? Na san ba wannan ta zo ji ba. Na buɗe baki, sai rayuwarka ta fito. Na ce ni ke hawa da akwatunan faifai hawa goma sha ɗaya. Na ce ni ake kora daga ƙofofi. Na ce ubana yana fita kafin asuba yana goge ofisoshi a Bobigny, har jabel, ruwan nan mai kashe datti, ya farfasa masa hannu. Hannun da Baba yake tsamo mini nama daga kwanonsa, Haruna, shi na kai kasuwa. Ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, to nawa dai ya yi tsawo, a cikinsa na zaga rabin Turai.

Da mujallar ta fito, ranar Lahadi da rana ka zo Lyon da akwatin faifai biyu. Ka dire su a bakin ƙofata ka ce, "Tun da ka ɗauki uban, haɗa da waɗannan." Ka juya ka tafi, ban bi ka ba. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, na buga faya-fayan, an yi rawa da su.

Ina jin haushin masu kamfanin nan, ba zan ɓoye ba. Sau biyu ka aika musu aikinka, ko amsa ba su ba ka ba. Labarinka suke so, amma a bakin wanda ba ya ba su tsoro. Sai dai haushin ba ya wanke ni. Su ba su san Baba ba, ni na ci abincinsa.

Ina studiyo wani ɗan Damagaram ya kira ni da labarin rasuwar. Na fashe da kuka a gabansu na ce Baba ya rasu. Kukan na gaskiya ne, ko ba ka yarda ba. Kafin la'asar sun yaɗa shi ko'ina. Yanzu rawar da za a yi a Paris ran Asabar, sun ce sadaukarwa ce ga mahaifina mai shara. Sun nemi hotonsa, za a haska a bango a bayana ina kiɗa. Ɗaya ya ƙara da cewa in akwai wanda hannayen suka fito sosai, ya fi. Ina da irin hoton, na Sallar da muka yi tare. Na buɗo shi a talho, na zaɓi sunan wanda zan aika wa. Saura kaɗan, Haruna, saura ƙiris.

Ina riƙe da talhon mahaifina ya kira. Ya ji rasuwar. Ya ce shekaru suka yi suna aiki wuri ɗaya da Isufu, bai taɓa ganin ya ɗauki ko allurar da ba tasa ba. "Ka je ka wakilce ni," in ji shi, "ka gaya wa iyalinsa ni ma an yi mini rashi." Ya tambaye ni ko na riga na leƙa ku. Na ce layi ba kyau, na kashe. Mutumin da na share daga tarihina don a ɗauke ni kiɗa, shi ke aike na gidan wanda na sa a gurbinsa.

To ga shi, kowa ya karanta. Ni ba ɗan Clichy ba ne. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Mahaifina yana raye. Wanda ya rasu mahaifinka ne, kuma kai ka koya mini kiɗa. Ɗazu na kira masu kamfanin na ce su janye maganar sadaukarwar. Suka ce in bari Asabar ta wuce, an riga an manna takardun talla. Na ce a'a. Wataƙila daga yau ba mai sake kirana, kuma tsoro nake ji.

Gobe addu'ar bakwai. Zan hau jirgin safe, in zo in tsaya a bakin ƙofarku. In ka ce in koma, zan koma. Ka dai bar ni in isar wa Inna saƙon mahaifina, ko daga kan matakala ne.

Akwai abin da sai yau na gane. Baba ba ya karatun Faransanci, duk takardar da ta shigo gidan kai kake karanta masa. A shekarun nan huɗu ba Sallar da ta wuce bai kira ni ba. Ya sa mini albarka, ya yi mini faɗa don na ɗauke ƙafa, ya ce ku yaran nan me ya haɗa ku, Haruna ya ƙi gaya mini. Mujallar tana hannunka, ɗan'uwana. Shafi ɗaya za ka karanta masa, shi ke nan. Ba ka karanta ba. Ka bar shi ya tafi yana ganina da mutunci, ni kuwa ban san inda zan sa fuskata ba.

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sanyaya masa hannayen da suka sha wuya. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya ba ka ladan shirun da ka yi. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin hawa matakalar nan gobe.

Ɗan'uwanka, in ka yarda,
Lawali